Ƙoda, Kanwa da Kumburin Mai Jego



A garuruwanmu na yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, akwai wata larura da kowa ya san kamanninta, amma kaɗan ne suka san daga inda take tasowa. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an shiga wankan jego, sai kafin arba'in ko jim kaɗan bayansa ƙafafu su fara cika. Takalmi ya ƙi shiga, awarwaro ya matse hannu, ɗan zuwa bakin rijiya ma sai ta tsaya tana haki. Da dare ba ta iya kwanciya a miƙe, sai an tara mata matasai, ko ta kwana jingine da bango tana tari. In aka danna ƙwaurinta da babban yatsa aka ɗaga, gurbin yatsan zai zauna ya daɗe bai cike ba. A gida sai a ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu da kyau ba, a ƙara wa ruwan wanka wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Abin da nake son mu duba yau shi ne, wannan kumburi a mafi yawan lokuta saƙo ne daga zuciya da ta raunana, ƙoda ce kuma take tara ruwan, gishiri da kanwa su ne abin da take tara shi da su. Wanda ya gane yadda ukun nan suke haɗuwa zai gane dalilin da ya sa abin da ake yi da niyyar taimako yake ƙara wa marar lafiya nauyi.

Mu fara da ƙoda. Kowane mutum yana da guda biyu, kowace ba ta wuce dunƙulen hannu ba, amma kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa ta cikinsu yake bi. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A yini da kwana suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga jini, alhali fitsarin da mutum ke yi bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Sauran duka ƙoda ke mayarwa cikin jini. Yadda take mayar da shi shi ne zuciyar maganarmu: ba ruwan take kamawa kai tsaye ba, sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri take janyowa, ruwa kuma ya biyo shi. Fiye da kashi 99 cikin ɗari na sodiyam ɗin da aka tace komawa yake yi. Ɗan abin da ta bari ya fita shi ne ma'aunin da take daidaita ruwan jiki da shi. In ka ci gishiri da yawa yau, lafiyayyar ƙoda za ta fitar da rarar cikin 'yan kwanaki. In ka yi gudawa ko ka zubar da jini, sai ta riƙe kusan duka domin kada jijiyoyi su bushe. Wannan baiwa ce da ta raya ɗan Adam a ƙasar zafi irin tamu.

Sai dai ƙoda ba ta da idon da za ta ga yawan ruwan da ke cikin jiki gaba ɗaya. Abin da take iya ji kawai shi ne ƙarfin jinin da ke isowa bakin ƙofarta. Manoman rani na fadamun Gummi za su gane wannan da sauri. Mai gona a ƙarshen magudana, in ya ga ruwan da ke iso masa ya ragu, zai ɗauka gulbi ne ya janye, sai ya toshe duk wata kafa da ruwa ke fita daga gonarsa. Alhali gulbi na nan cike, injin ban ruwa ne ya gaji, ruwan ma ya taru a bayansa yana neman ɓalle gaɓa. Haka ƙoda take yi idan zuciya ta kasa tura jini da ƙarfi. Tana fassara rashin ƙarfin a matsayin rashin ruwa, sai ta ɗauki matakin da ya dace da mai gudawa a jikin wanda ruwa ya riga ya yi wa yawa.

Matakin kuwa likitoci sun daɗe da bin sawunsa. Ƙoda tana sakin wani sinadari mai suna renin, wanda masana biyu, Tigerstedt da Bergman, suka gano a 1898. Shi ne yake tayar da wani mai suna anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyi, ya sa ƙoda ta ƙara janye sodiyam, ya kuma tayar da ƙishirwa. Anjiyotensin ɗin kuma ya umarci wata 'yar tsoka da ke zaune a saman ƙoda ta saki aldosteron, wanda aka fara ware shi a 1953, aikinsa kuwa shi ne tsince ragowar sodiyam a ƙarshen hanyar fitsari tare da zubar da fotasiyam. Daga ƙwaƙwalwa ma wani sinadarin yana saukowa mai hana ruwa fita. Zuciya tana da nata kukan: a 1981 wani masani a Kanada, Adolfo de Bold, ya nuna cewa idan ɗakunanta suka cika suka miƙe, tana sakin sinadarin da ke cewa ƙoda ta saki gishiri. Amma in ciwo ya yi nisa, muryoyin masu cewa a riƙe sun fi ƙarfin mai cewa a saki. Ruwa ya ƙaru, zuciyar da ta gaza ɗaukar kayan jiya an ɗora mata na yau, jini ya cunkushe a jijiyoyin da ke komawa gare ta, har da jijiyar ƙodar kanta, wanda hakan ke ƙara rage mata tacewa. Ruwan sai ya tsattsafo zuwa ƙafafu, ya kumbura hanta da ciki, ya hau huhu. Shi ya sa numfashi ke sarƙewa idan an kwanta: ruwan da ya yini a ƙafa ya dawo ƙirji.

A nan akwai lissafin da ya kamata kowace uwar gida ta riƙe. Kowane gram 8 zuwa 9 na gishiri da jiki ya riƙe yana zaunar da ruwa kusan lita ɗaya. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kamar gram 5, wanda shi ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya kai a yini. Kuma kafin kumburi ya bayyana a ƙafa har yatsa ya lotsa, sau da yawa lita uku ko fiye sun riga sun taru. Ke nan ranar da aka ga kumburin, ciwon ya kwana biyu da zuwa.

To, ina kanwa ta shigo? Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga Barno da ƙasar Manga, jarta da fararta da ungurnu, ba ta da ɗanɗanon gishirin miya, shi ya sa ba a lissafa ta a matsayin gishiri. Amma mafi yawan abin da ke cikinta sinadarai ne masu ɗauke da sodiyam, ƙoda kuma ba ta tambayar daga ina ya fito. Mai jego da ke shan kunun kanwa ƙwarya guda safe da yamma har kwana arba'in, ga miya mai gishiri da dunƙulen ɗanɗano, ga yajin jego a kan nama, tana zuba wa jikinta sodiyam mai yawan gaske a daidai lokacin da jikin ke ƙoƙarin sauke kaya. Domin a lokacin goyon ciki jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi, bayan haihuwa kuma dole ƙoda ta fitar da wannan rara cikin makonnin farko. A Zariya aka fara lura da haɗarin. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, ciki har da Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka wallafa sakamakon a 1978. Sun ƙiyasta cewa larurar tana samun kusan mace ɗaya cikin kowace ɗari da ta haihu, ta fi yawa a watannin zafi da gumi, suka kuma danganta ta da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara gudu don cika su, kanwa kuma ta ƙara ruwan da za a tura. A 2007 wani bincike a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, inda marasa lafiya da yawa daga yankinmu suke ƙarewa, ya sami adadi kusan iri ɗaya, ɗaya cikin ɗari da 'yan kai. A Amurka, ɗaya ce cikin dubu ko dubbai.

Mai sauraro da ya bi labarin zai iya tare ni a nan, kuma yana da hujja mai ƙarfi. A 2020, wani babban bincike da Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta, wanda ya tattara mata fiye da 400 masu wannan ciwo daga asibitoci daban-daban na Najeriya, bai sami alaƙa tsakanin al'adun jego da kamuwa da ciwon ba. Abubuwan da suka fito fili su ne rama, rashin karatu, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wasu binciken a Kano da Yamai sun kuma nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin matan. Ashe ke nan an ɗora wa kanwa laifin da ba nata ba? Ina ganin gyaran da binciken Kano ya kawo gyara ne na gaskiya, kuma ya kamata mu karɓe shi da hannu biyu, domin ya kawar da kai daga zargin kakanni da ungozoma, ya mayar da shi kan yunwa da talauci da rashin awon ciki. Amma tambayoyi biyu ne a nan, kada a cakuɗa su. Abin da ke raunana tsokar zuciya tun farko daban, abin da ke faruwa idan aka zuba sodiyam a jikin da zuciyarsa ta riga ta raunana daban. Binciken Kano ya amsa ta farko. Ta biyu kuwa amsarta tana cikin aikin ƙoda da muka bayyana, kuma babu abin da ya canza ta. Mace casa'in da tara za su sha kunun su fitsarar da rarar. Ta ɗarin, wadda ba wanda ya san zuciyarta ta taɓu, ƙodarta za ta riƙe, kuma ita ce ake ƙara wa kanwa idan ta fara kumbura. Wannan ita ce amsar mai cewa iyayenmu sun sha ba abin da ya same su. Waɗanda suka rayu su ne suke ba da labari. Wadda ta rasu kafin arba'in an ce sanyi ne ko iska ko kwana ya ƙare, ba a rubuta sunan ciwonta ba.

Akwai ƙalubale na biyu daga likitocin kansu. A 2022 aka wallafa wani gwaji da aka yi wa mutum 806 masu gazawar zuciya a Kanada da wasu ƙasashe, inda aka sa rabi su matse gishiri ƙwarai, ƙasa da miligram 1,500 na sodiyam a yini. Bayan shekara guda, matsewar ba ta rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba, ko da yake sun ɗan fi jin daɗin jikinsu. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin izinin cin gishiri yadda aka ga dama. Sai dai a duba su wane ne aka gwada. Mutane ne da tun kafin gwajin suke cin gishiri daidai gwargwado, kusa da iyakar da aka shata, suna kuma shan magungunan zuciya a kan kari. Abin da gwajin ya koya mana shi ne, babu amfanin azabtar da marar lafiya da abinci lami har ya daina ci, musamman a inda rama ita kanta ke cikin masu jawo ciwon. Bai ce komai ba game da macen da ke shan kunun kanwa kullum ba ta kuma taɓa ganin likitan zuciya ba. Saboda haka shawarar da ta dace da mu matsakaiciya ce: a ci abinci a ƙoshi, a sa gishiri kaɗan, a rage dunƙule, amma da zarar an ga kumburi ko haki a janye kanwa gaba ɗaya. Ana iya dama kunun gero da tsamiya, ko na gyaɗa, ba tare da ita ba.

Wani kuma zai ce, a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, ana gumi dare da rana, ga ma'aikatan lafiya suna koya mana ruwan gishiri da sukari, yaya kuma za a ce gishiri illa ne? Babu saɓani. Ruwan gishiri da sukari na wanda ya zubar da ruwan jikinsa ne, shi ƙodarsa gaskiya take ji, kuma ruwan nan ya ceci rayukan yara ba adadi. Mai kumburi ƙodarsa labarin ƙarya take bi. Inda ake yawan ruɗewa shi ne a gaban takardar awon jini. Sau da yawa mai gazawar zuciya da ciwonsa ya tsananta, in aka auna sai a ga sodiyam ɗinsa ya yi ƙasa, dangi su ji an ce gishirin jikinsa ya ragu, su koma gida su ƙara masa. Alhali gishirin na nan jingim, ruwan da aka riƙe ne ya fi shi yawa ya tsarma shi. Ƙara gishiri a nan ƙara kumburi ne. Haka nan hana marar lafiya ruwa ƙarfi da yaji a tsakiyar bazara, ba da umarnin likita ba, zai iya lalata ƙodar.

Ina so in tsaya a kan wani abu da ya fi kanwa yaɗuwa yanzu, wato magungunan ciwon jiki da ake saye a kemis da hannun masu talla a kasuwa: diclofenac, ibuprofen, piroxicam da 'yan uwansu. Manomi ya dawo daga gona ya haɗiya, mai haƙar ma'adini ya haɗiya, mai jego ta ji ciwon mara a miƙa mata. Waɗannan magunguna suna toshe wasu sinadarai da ƙoda ke dogaro da su wajen buɗe jijiyoyinta idan jini ya yi mata ƙaranci. A jikin mai gazawar zuciya suna sa ta ƙara riƙe gishiri, suna kuma kashe ƙarfin maganin fitsari da likita ya bayar. Wannan bai tsaya ga masu jego ba. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne babban sanadi, matsakaicin shekarunsu kuma 52 kacal. Mutane ne masu ciyar da gida, irin masu sayen maganin gajiya.

Babbar shaidar cewa ƙoda ce a tsakiyar wannan lamari ita ce irin magungunan da suka tabbata suna aiki. Furosemide, wanda aka fi sani da Lasix, yana hana ƙoda janye sodiyam a wani lungu na matatarta, marar lafiya ya yi ta fitsari, numfashi ya dawo. Wannan sauƙi ne na gaggawa, amma shi kaɗai ba ya kashe tushen, har ma yakan sa ƙoda ta ƙara sakin renin. Waɗanda suka tsawaita rai su ne masu katse saƙon ƙaryar. A 1987 wani gwaji a ƙasashen arewacin Turai ya nuna enalapril, mai hana samuwar anjiyotensin, ya rage mutuwa da kashi 40 cikin ɗari a wata shida ga masu ciwo mai tsanani. A 1999 wani gwajin mai mutum 1,663 ya nuna spironolactone, mai toshe aldosteron, ya rage ta da kashi 30. Daga 2019 kuma aka tabbatar da amfanin wasu magungunan da aka fara yi don ciwon sukari, su ma a ƙoda suke aiki. Enalapril da spironolactone tsofaffi ne, masu araha. Sai dai ba na saye a kasuwa ba ne: enalapril da danginsa suna cutar da jaririn da ke ciki, spironolactone na iya tara fotasiyam har ya tsayar da zuciya, Lasix ɗin ma in ya yi yawa yakan busar da mutum. Dole a riƙa awon jini. Kuma idan hanji ya kumbura, ƙwayar Lasix ba ta shiga jini sosai, shi ya sa wani zai ce yana sha ba ya fitsari. Wannan allura yake bukata a asibiti, ba ƙarin ƙwaya a gida ba. Macen da ta taɓa wannan ciwo kuma tana bukatar a duba zuciyarta kafin wani cikin, domin yakan dawo, kuma dawowar takan fi muni.

Yankinmu yana da wani ƙarin dalili na kula da ƙoda wanda Kano da Zariya ba su da shi. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega da 'Yargalma, dubbai kuma suka rayu da ita a jiki. An san dalma tana lalata ƙoda a hankali, tana kuma jawo hawan jini, tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, goyon ciki da shayarwa kuma su sake fito da ita cikin jini. 'Yan matan da suke rarrafe a tsakar gidajen nan a wancan lokaci yanzu sun kai aure da haihuwa. A ganina duk wadda ta tashi a waɗannan ƙauyuka ya kamata a auna mata hawan jini da fitsari a kowane awon ciki, a kuma ci gaba da aunawa bayan haihuwa, ba a sallame ta ranar da ta sauka ba.

Na san halin da ake ciki. Hanyar Gusau ko Sakkwato ba kullum take biyuwa ba, wasu ƙauyukan sun watse, mutanensu suna gudun hijira a cikin garin Anka, na'urar hoton zuciya kuma sai manyan asibitoci. Amma gane wannan ciwo da wuri ba ya bukatar na'ura mai tsada. Yana bukatar sikeli, da abin awon hawan jini, da ma'aikacin da zai danna ƙwauri ya dubi jijiyar wuya ya tambayi mace yadda take kwana. Nauyin da ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne, ba ƙiba ba. Mai jego tana dawowa asibiti don rigakafin jariri a mako na shida, kusan daidai da cikar arba'in. A wannan zuwan a auna uwar ita ma. Ungozomomin da suke shiga ɗakin jego kullum, su ne ya fi dacewa a koya wa alamomin nan uku, kumburi mai lotsawa da haki da kasa kwanciya a miƙe, tare da ba su lambar ma'aikacin da za su kira a babban asibitin Anka ko na Gummi ko na Bukkuyum a ranar da suka gani.